Sharhi a kan Civilization VI: Malin wasa da Malin tarihi

Daular Mali ce ta sa na sayi Civilization VI, wasan kwamfuta na gina daula, tare da ƙarinsa mai suna Gathering Storm, wanda ya fito a 2019, kuma da farko wasan ya burge ni matuƙa. Duk wanda ya zaɓi Mansa Musa zai tarar gine-ginensa suna tafiyar hawainiya, amma zinariya tana kwararo masa daga ramukan haƙa da ayarin fatake, har ya zama abin da wasu sarakuna ke shan wuyar ginawa shi sai dai ya sa kuɗi ya saya. Hamadar da kowa ke gudu ita ce arzikinsa. Wannan ya dace da sarkin da ya yada zango a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne bayan daulata ta kafu. Wani mai wa'azi daga maƙwabciyar ƙasa ya iso bakin birnina, na tura nawa ya tare shi, sai na ga su biyun sun tsaya a fili suna jifan juna da tsawa daga sama, har ɗaya ya faɗi. Nan take mabiyan addininsa suka ragu a garuruwan da ke kewaye, sai ka ce mutane suna sauya aƙida ne bisa sakamakon dambe. Na ajiye wasan na ɗan lokaci, domin na san ba haka addini ya ratsa ƙasashen nan ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa ne daga Mali suka zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma fatake ne da malamai, waɗanda suka zauna cikin jama'a, suka yi ciniki da auratayya, suka karantar da yara. Sai da aka haura shekara ɗari kafin Muhammadu Rumfa ya karɓi baƙuncin Shehu Magili, kuma ko a lokacin Maguzawa suna nan da al'adunsu a ƙauyuka. Aikin da ya ci zuriya bayan zuriya wasan ya gama shi cikin 'yan mintoci, ya kuma mai da imani wani maki da ake tarawa a sayi gine-ginen kasuwa da shi.

Tun daga nan idona ya buɗe ga sauran kurakuran. Jerin fasahohin wasan ya wajabta wa kowace al'umma ta ƙware a aikin tagulla kafin ta taɓa ƙarfe, alhali mutanen Nok sun narkar da tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, ba tare da sun bi ta wani zamanin tagulla ba. An ɗauki hanyar da wasu yankunan duniya suka bi an mai da ita tilas ga kowa. Ngazargamu ma, babban birnin Borno inda Mai Idris Aloma ya zauna yana hulɗa da Daular Usmaniyya ta Turkawa, a wasan ƙaramin gari ne tilo da kake jan ra'ayinsa da wakilai domin samun rangwame a kuɗin soja. Na ji daɗin ganin sunan, amma matsayin da aka ba shi bai yi mini ba.

Duk da haka ban goge wasan ba, domin idan ana maganar lissafi da hangen nesa yana da daɗi, kuma mutum kan ce bari ya ƙara zagaye ɗaya sai ya ji kiran assalatu. Wanda ke son dabaru ya saya, musamman idan ya dace da lokacin rangwame. Sai dai ba zan miƙa wa ɗalibi shi in ce ya koyi tarihin Mali ba, tunda a ciki Mansa Musa yana kan gadon sarauta tun shekara 4000 kafin miladiyya har zamanin jirgin sama, babu rikicin gado, babu Abzinawan da suka karɓe Timbuktu a 1433, babu Sonni Ali, sarkin Songhai, da ya ƙwace ta a 1468.