Waƙar haya da waƙar saye

Bahaushen Jidda mai jin waƙa a waya, hanya biyu ke gabansa. Spotify da Anghami haya ce: waƙar da ka sauke tana kulle da DRM, wato makullin da ke hana kwafa, ba ta buɗuwa sai cikin manhajar. A Spotify, in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba, ko kuɗin wata ya ƙare, ta tafi. Mai zuwa ganin gida inda sabis ke wahala zai ji jiki.

Saye ya fi tsada, amma a ganina ya fi. iTunes, shagon sayar da waƙa na Apple, ya cire makullin tun 2009: ka kwafe waƙar a memori, ka sa a mota. Sai dai kuɗinka bai ba ka izinin rarraba ta a WhatsApp ba.