Gorar shinge a Yamai: wacce za ka shuka a gidanka?

Shekara uku ke nan da maƙwabcinmu a Bobiyel ya ɗora bene a kan gidansa. Filinsa ne, bai yi laifi ba. Amma tun ranar da aka sa tagogin sama matan gidanmu suka daina sakewa a tsakar gida. Wanki, kitso, shimfiɗa tabarma da dare lokacin bazara, duk sai da mayafi. Ƙara bulo a katanga ba zai kai tsayin tagar ba, kuma zai toshe ƴar iskar da muke samu. Wannan ya sa na shiga neman gora, na yi ta zagaye wajen masu sayar da shuke-shuke na bakin kogi.

Kafin ka je wurinsu, tsaya a tsakar gidanka ka duba ta ina ido yake shigowa. Daga sama ne, ko daga titi da ƙofar gida? Gorar da ke tare na sama daban, mai tare na ƙasa daban.

Wadda za a fara nuna maka ita ce rawaya mai ratsin kore, wadda masana ke kira Bambusa vulgaris. Kyakkyawa ce, kuma ba ta da wuyar kamawa, don ko gaɓar karanta aka binne a ƙasa mai laima tana iya tsirowa. Inda ta sami ruwa tana haura mita 10. In bene ne damuwarka, ita ce. Sai dai in ta girma ganyenta na komawa sama, ƙasa ya zama kara tsirara, mai wucewa ya hango ka ta tsakani. Gindinta kuma yana faɗi kowace damina. A ƙaramin gida za ta cinye wurin girki, ta cika shi da busasshen ganye, kuma mai shara ce za ta fi kowa sanin haka. Ita na shuka, gindi biyu kacal daidai saitin tagogin, na bar tazarar mita ɗaya da rabi daga katanga, nesa da ramin masai da tiyon ruwa.

Ta biyu ita ce siririya, Bambusa multiplex, ƴar asalin ƙasar Sin. Karanta bai wuce kaurin yatsa ba, suna fitowa a cushe, ganye tun daga kusa da ƙasa. Tsayinta yakan tsaya tsakanin mita 3 zuwa 6, tana kuma karɓar aski da almakashi. Don rufe gaban ƙofa, ko raba wajen baƙi da cikin gida, ban ga kamarta ba. Ana jera ta da tazarar mita ɗaya. Rauninta rana ce: a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, bakin ganyenta na ƙonewa in tana fuskantar yamma babu inuwa. Ka ba ta gefen da katanga ko bedi ke kare ta da la'asar.

Sai gorarmu ta Afirka, Oxytenanthera abyssinica, wadda ke fitowa da kanta a dazuzzuka tun daga Senegal har Habasha. Karanta kusan a toshe yake, shi ya sa ake sanda da ita, ana rufin ɗaki da shinge. Ta fi sauran jure ƙishi nesa ba kusa ba, kuma ina jin zafin yadda muke raina ta don ba ta da ratsi. Amma dabarar jurewarta ita ce zubar da ganye da rani. Wato a watannin da ake kwana a waje, lokacin da ka fi bukatar sutura, za ka iya tarar da ita fayau in ba ka ba ta ruwa. A gonar bayan gari ko babban fili, ita zan zaɓa. Mutumin Tahoua, inda damina ta fi ta Yamai gajarta, shi ma da ita ya kamata ya fara tunani, ko ma ya koma ga shingen lalle.

Akwai biyu da za ka bari. Gora mai gudu, irin Phyllostachys, tana aika jijiya ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gidan maƙwabci, kuma ta ƙasashen sanyi ce. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Malam, wannan a dunƙule take zama ko yaɗo take yi?" Ita kuwa ƴar koriyar da ake sawa a kwalbar ruwa a ofis, ba gora ba ce sam.

Yanzu maganar ruwa, don nan hukuncin yake. Ruwan saman Yamai bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran wata takwas daga pamponka gora za ta sha, kuma jijiyarta ba ta nitsewa can ƙasa kamar ta bedi, a sama-sama take, inda rairayi ke saurin bushewa. In unguwarku ruwa sai tsakar dare yake zuwa, kada ka jera gindi goma. Ni na karkata ruwan alwala da na ɗauraye kayan miya zuwa gindinta. Ruwan wanki mai omo ban yarda ba, gishirinsa na ƙona ta. Ita da kanta za ta gaya maka in tana jin ƙishi: ganyen zai naɗe kamar tsinke. Ganyen da ta zubar kuma a mayar mata a gindi tare da ruɓaɓɓen taki, yana riƙe laima lokacin hunturu. A dai riƙa dubawa saboda gara.

Wajen saye, kada dogon kara ya ruɗe ka. Karan gora da kaurinsa yake fitowa, ya gama tsayinsa cikin ƴan watanni, ba ya ƙarawa, kuma in aka sare kansa ba ya sake miƙewa. Ƙarfin yana cikin gindi. Ka sa a ɗaga maka ledar ka ga jijiya fara mai rai, da sabon toho ko ɗaya ne. Ka shuka a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. Daminar farko ba za ka ga abin kirki ba, siraran kara ne za su fito. Tawa sai a damina ta uku ta kai tagar, kuma kafin nan zana biyu na ɗaura a kan katanga.