Katin bashi na kamfanin jirgi: wanne ne zai kai ka Kano?

Duk wanda ya yi 'yan watanni a Amurka ya sha ganin tallan. Ana gab da sauka ma'aikaciyar jirgi za ta ɗauki lasifika ta ce wanda ya cike takardar neman kati yau zai samu maki dubu sittin ko dubu saba'in, waɗanda ake yankar tikitin jirgi da su. A akwatin wasiƙa ma haka, ambulan kan ambulan. Mu da muke haɗa kuɗin tikitin zuwa gida shekara guda cur, wannan magana tana shiga kunne, domin tikitin mutum ɗaya zuwa Najeriya ko Nijar a watan Disamba ko gab da Sallah ba ƙaramin abu ba ne, balle mai iyali. Na daɗe ina amfani da irin waɗannan katuna, kuma abin da na fahimta shi ne an tsara yawancin garaɓasarsu ne don mai zirga-zirga tsakanin biranen Amurka. Wanda burinsa ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano lissafinsa daban ne.

Yadda abin yake a taƙaice: banki ne yake ba da katin, sunan kamfanin jirgi ne kawai a jikinsa. Bankin yana sayen maki a hannun kamfanin jirgin da kuɗi, sannan ya riƙa raba maka su duk lokacin da ka yi sayayya. American Airlines ne ya buɗe shirin makinsa na AAdvantage a 1981, ya kuma haɗa kai da bankin Citi suka fitar da kati a 1987. Yau Delta yana tare da American Express, United yana tare da Chase, American kuma yana nan da Citi. Kasuwa ce babba ƙwarai. A 2023 kaɗai American Express ya biya Delta kusan dala biliyan 7. A lokacin annobar korona, da jirage suka tsaya cak, shirin makin ne United ya jinginar ya ciwo bashin dala biliyan 6.8, Delta ya ciwo biliyan 9. Mai neman katin ya riƙe wannan a ransa: ba kyauta ake yi masa ba, ciniki ne, kuma dole ya yi nasa lissafin kamar yadda su ma suka yi nasu.

Tambaya ta farko ba ta shafi katin ba ma. Ina kake sauka idan ka je gida? Makin kamfani yana aiki ne a jiragensa da na abokan ƙawancensa, kuma manyan ƙawancen guda uku ne. United yana cikin Star Alliance tare da Ethiopian Airlines, EgyptAir, Turkish Airlines da Lufthansa. Delta yana cikin SkyTeam tare da Air France, KLM, Kenya Airways da Saudia. American yana cikin oneworld tare da British Airways, Qatar Airways da Royal Air Maroc, wanda ya shiga a 2020.

Ga ɗan Arewa, a ganina United ne ya fi faɗin hanya. Shi kansa yana tashi daga filin Dulles na Washington kai tsaye zuwa Legas da Accra tun 2021. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abokansa. Ethiopian yana sauka Kano, Abuja, Yamai da Njamena ta Addis Ababa. EgyptAir yana sauka Kano ta Alƙahira. Turkish yana zuwa Abuja da Yamai ta Istanbul. Wanda ya taɓa sauka Legas da akwati huɗu da yara biyu, ya fito daga ɓangaren jiragen ƙasashen waje ya nemi motar da za ta kai shi na cikin gida, ya sake sayen wani tikitin, ya sake biyan kuɗin kaya, ya san darajar tikiti ɗaya da zai dire shi Kano. Ƙari a kan haka, idan ka yanki tikitin abokan United da makinsa ba ya ɗora maka kuɗin man jirgi, haraji kawai za ka biya. Katinsa na matsakaici shi ne United Explorer, kuɗin shekararsa dala 150, yawanci ana yafe shekarar farko. Yana ba da ƙarin maki a tikitin United, maki biyu kan kowace dala a gidajen abinci da otal, maki ɗaya a sauran sayayya. Akwai takardar shiga ɗakin hutawar kamfanin sau biyu a shekara. Visa ne, don haka yana aiki a mafi yawan wuraren da ake karɓar katin waje.

Delta ya fi kowa daɗewa a Afirka ta Yamma cikin kamfanonin Amurka uku. Yana zuwa Accra daga New York tun 2006, yana zuwa Legas daga Atlanta tun 2007. Bahaushen Nima ko na Zangon Kumasi da ke zaune a Bronx zai iya cewa wannan ne nasa, kuma yana da gaskiya: jirgi ɗaya, babu yada zango. Katin Delta Gold dala 150 ne a shekara, Platinum 350, Reserve 650. Gold yana da wata fa'ida da nake gani ta dace da mai iyali, wato maki biyu kan dala a manyan kantunan kayan abinci na Amurka, inda kuɗin cefane yake tafiya kowane mako. Masu waɗannan katuna uku suna samun rangwamen kashi 15 cikin ɗari idan za su yanki tikitin jirgin Delta da maki. Makin ba ya mutuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Tun 2015 Delta ya daina wallafa jadawalin da ke nuna maki nawa ake buƙata zuwa wuri kaza. Farashin makin yana bin farashin tikitin, idan kuɗi ya hau shi ma ya hau, kuma lokacin da muke son tafiya shi ne daidai lokacin da ya fi tsada. United ma ya bi sahu a 2019, amma a kujerun abokan ƙawancensa farashin bai cika yin wannan tsalle ba. Sannan katin American Express ne, wanda ba ko'ina ake karɓarsa a ƙasashenmu ba.

American ba ya zuwa Najeriya da jirginsa. Darajar makinsa a wurinmu tana hannun Qatar Airways, wanda ya fara sauka Kano a 2022, da Royal Air Maroc mai bi ta Kasablanka zuwa Yamai da Legas. Katinsa na Citi Platinum Select shi ya fi araha, dala 99. A kula da abu ɗaya: idan aka yanki tikitin British Airways ta Landan zuwa Abuja da wannan maki, kuɗin man jirgi da harajin da za a ɗora na iya kai ɗaruruwan daloli, har mutum ya rasa ina ribar. Makin American kuma yana mutuwa bayan wata 24 idan asusun bai motsa ba, sai dai masu riƙe da katin an ɗauke musu wannan.

Mai niyyar Umara ya duba ta nan ma. Saudia yana ɓangaren Delta, Turkish da EgyptAir suna ɓangaren United, Qatar da Royal Jordanian suna ɓangaren American. Dukkansu suna kaiwa Jidda.

Yanzu maganar akwati, wadda ita ce tallan ya fi kururutawa. Kowanne daga cikin katunan nan yana cewa akwatin farko kyauta ne. Delta yana ba mai katin da abokan tafiyarsa har takwas a kan tikiti ɗaya. United Explorer yana ba mai katin da mutum ɗaya, kuma da sharaɗin da katin aka sayi tikitin. Na American kuwa a tafiye-tafiyen cikin Amurka kawai yake aiki. To amma tikitin zuwa Afirka, in ba mafi arhar nan marar komai ba, dama yakan zo da akwati mai kilo 23 a ciki, sau da yawa ma biyu. Akwati na uku, wanda aka cika da tsaraba, takalman yara da magungunan tsofaffi, shi ne yake cin kuɗinmu, kuma babu katin da yake yafe shi a cikin waɗannan. Kuma idan jirgin na Ethiopian ne ko Qatar, dokar kayansu ce za ta yi aiki, katinka ba shi da ta cewa. Haka tikitin rakiya, wato na abokin tafiya, da Delta Platinum ke bayarwa kowace shekara, na cikin Amurka ne da yankin Karibiyan da Amurka ta Tsakiya, bai kai Afirka ba. Na ga wanda ya karɓi katin dala 350 don wannan, yana tsammanin zai kai uwargida gida da shi.

Bari mu yi lissafin da hannu. A ce kana kashe dala 1,500 a wata da katin, a sayayyar da ke ba da maki ɗaya kan dala. A shekara ka tara maki 18,000. Maki ɗaya yawanci darajarsa tana tsakanin santi ɗaya da santi ɗaya da rabi, wato abin da ka tara bai wuce dala 180 zuwa 270 ba. Cire kuɗin shekara 150. Abin da ya rage kaɗan ne. Gaskiyar magana ita ce kitson katin yana cikin makin maraba da ake bayarwa a farko, bayan ka kashe wani adadi, sau da yawa dala dubu biyu zuwa dubu huɗu a cikin watannin farko. Wannan kuma ba ya maimaituwa yadda mutum ke so. American Express yakan ba da shi sau ɗaya ne ga kowane irin kati. Chase kuma an san shi da ƙin amincewa da wanda ya buɗe katuna biyar a cikin wata 24, ko daga wane banki suke. Saboda haka kada a karɓi katin a ranar da tayin ya yi ƙasa, kuma kada a karɓe shi sai lokacin da dama akwai wata babbar hidima a gaba, kamar inshorar mota ko sayen kayan gida, don kada a ƙirƙiri kashe kuɗi saboda maki.

Sai batun da ya fi damuna, kuɗin ruwa. Irin waɗannan katuna ruwansu yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wanda ya bar bashin dala 2,000 a kan kati mai kashi 24 zai biya kimanin dala 40 kowane wata, dala 480 a shekara, ya ninka darajar makin da ya tara. Dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa bankuna su ba da aƙalla kwana 21 tsakanin fitar da takardar bashi da ranar biya, kuma wanda yake biyan duka kafin ranar, ba mafi ƙarancin da aka rubuta ba, ba a ɗora masa ko sisi a kan sayayya. A nan ne Musulmi da yawa suke tsayawa. Malamai sun saɓa: wasu sun hana gaba ɗaya saboda yarjejeniyar da aka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin riba, wasu sun sassauta ga mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da tarihin bashi ba, matuƙar mutum ya tabbata zai biya kan lokaci. Ba ni da hurumin yanke hukunci, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan ce kawai, in dai an karɓa, a saita asusun banki ya riƙa biyan cikakken bashin da kansa kowane wata tun ranar farko.

Akwai wani rami da mu masu aika kuɗi gida muka fi kowa faɗawa. Wani ƙanena a nan ya lissafa cewa tunda yana tura wa Hajiya kuɗi kowane wata, bari ya riƙa turawa da katin ya tara maki. Da takardar wata ta zo ya kawo mini ita a waya, fuskarsa a murtuke. Bankin ya ɗauki abin a matsayin cirar tsabar kuɗi: an caje shi kuɗin cira, ruwa ya fara hawa tun daga ranar da ya tura ba tare da kwanakin sassauci ba, maki kuma ko ɗaya bai samu ba. Haka abin yake idan aka zari kuɗi a na'urar ATM da katin bashi. A tura kuɗin gida daga asusun banki.

Wani zaɓin da ya kamata a auna kafin a yanke shawara shi ne katin da ba na kamfanin jirgi ɗaya ba, wanda makinsa ake iya mayarwa wurare da dama. Chase Sapphire Preferred, mai dala 95 a shekara, yana tura maki zuwa United, Air Canada, British Airways da shirin Flying Blue na Air France da KLM. Makin American Express na kansa yana tafiya Delta, Flying Blue da Qatar. Na Capital One yana tafiya Turkish. Amfanin wannan a wurinmu a bayyane yake, domin hanyoyin jiragen zuwa yankinmu suna canjawa. Air France ya daina zuwa Yamai bayan juyin mulkin 2023, wanda ya tara makinsa duka a wannan ɓangare don zuwa Nijar sai ya nemi wata dabara. Mai makin da ake juyawa yakan fara neman kujera tukuna, in ya gani sannan ya tura makin inda take. Abin da ya rasa shi ne shiga jirgi da wuri da kuma akwatin kyauta, wanda dama mun ga bai cika yi mana aiki a doguwar tafiya ba.

In da za a tambaye ni, mai zuwa Kano, Yamai ko Njamena sau ɗaya a shekara ya fara da katin da ake juya makinsa, ko United Explorer in yana kuma yawo a cikin Amurka da United. Mazaunin Atlanta ko New York mai sauka Legas ko Accra kai tsaye, Delta Gold ya ishe shi. Manyan katunan dala 600 zuwa sama na wanda aikinsa ke sa shi hawa jirgi kusan kowane mako ne. Kuɗin shekara da yawan makin maraba suna sauyawa, na Delta sun tashi a 2024, na United a 2025, don haka a karanta takardar sharuɗɗan ranar da za a cike. Kafin nan kuma a buɗe asusun makin kamfanin, kyauta ne, a shiga shafinsa a nemi tikiti daga garin da ake zaune zuwa garin da za a sauka, a watan da aka saba tafiya, a ga maki nawa yake nema kuma ko akwai kujerar ma.