Desipramine ko Reserpine: Toshe Ƙofa ko Yashe Rumbu?

Jijiyoyin simfatetik, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri idan mutum ya firgita, suna aiki da noradrenalin, sinadarin da suke isar da saƙo da shi. Idan sun sake shi sai su sake tsotse shi ta wata ƙofa a jikin fatar jijiyar, su cusa shi cikin ƙananan jakunkuna kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu. Sinadaran da dofamin (wani sinadarin saƙo na jijiya) ke haifarwa idan ya haɗu da rukunin sinadarai da ake kira aldehaid, irin su salsolinol da ke samuwa daga asetaldehaid, abin da jiki ke mayar da barasa, sun yi kama da noradrenalin sosai. Gwaje-gwaje kan ɓeraye a farkon shekarun 1970 sun nuna jijiyar na karɓar irinsu ta adana.

Mai bincike da ke son katse wannan hanya yana da magunguna biyu. Desipramine, maganin ciwon damuwa, ƙofar waje yake toshewa. Baƙon sinadarin ba ya shiga, abin da ke ciki kuma yana nan, kuma da maganin ya fita daga jiki aiki ya dawo.

Reserpine kuwa, wanda aka ciro daga saiwar tsiron Rauwolfia a 1952, ya fi ɓarna. Yana kashe famfon da ke cusa sinadari cikin jakunkunan ne, sai abin da ya shiga ya rasa wurin zama, noradrenalin ɗin da ke ciki ya tsiyaye, enzayim, wato furotin mai wargaza sinadarai, ya narkar da shi. Jijiyar kan ɗauki kwanaki kafin ta farfaɗo. A ganina desipramine ya fi ba da amsa mai tsabta, tunda reserpine yakan saukar da hawan jini ya dagula sauran awon. Sai dai idan tambayar ita ce ko sinadarin yana kwana a jakunkunan, reserpine ne zai faɗa.