Fili, Sukuk, Gwal ko Dala: Ina Ma'aikacin Kaduna Zai Ajiye Kuɗin Tsufansa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, lissafin masu tanadi ya dagule. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. Alƙaluman sun sauko daga baya, amma kuɗin haya da na makarantar yara ba su bi su ba. Mai miliyan biyu a asusun ajiya, kuɗinsa na nan cif a ido, abin da za su saya ne ya zagwanye.

Fansho dai ba zaɓi ba ne. Dokar tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi kamfanin fanshonsa ya mayar da shi Fund VI, wato asusun fansho marar kuɗin ruwa. Amma jingina da fansho kaɗai ganganci ne.

Dala ba ta haihuwa, kuma wanda ya saya a Fabrairun 2024 ya ga yadda ta rufto kafin ƙarshen Afrilu. Gwal ya yi tashin gaske, oza ya wuce dala 4,000 a Oktoban 2025, sai dai sarƙa da ɗan kunne ranar sayarwa ba mai mayar miki da kuɗin aiki, Hajiya, ga fargabar ɓarayi. Adashi na hidimar biki ne. Kiwo a ƙauye kuwa, kowa ya san halin da ake ciki da ɓarayin shanu.

Sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, ina ganin girmansa. Hukumar kula da basussukan ƙasa, DMO, ta fara shi a 2017 da naira biliyan 100, ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya duk wata shida, kuma titin Eastern Bypass na nan Kaduna yana cikin ayyukan da aka zuba wa kuɗin. Cikas ɗinsa ɗaya: abin da za a ba ka a tsaye yake, farashin kaya kuwa ba ya tsayawa.

Ni fili nake so, ba na ɓoyewa. Garin nan faɗaɗa yake yi ta ko'ina. Wanda ya san Millennium City kafin a yi gada, ko Rigasa kafin jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki a 2016, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Siminti ya tashi, fili ya bi shi. Ka zuba masara da damina kafin ka samu halin gini, in ka samu ka tayar da shaguna biyu ta gaba, haya ta riƙa shigowa, ita kuma ana yi mata ƙari. Aibinsa, ba ya biyan kuɗin asibiti cikin dare. Mai sayarwa a ƙagauce kullum shi ake yi wa tayin wulaƙanci. Shi ya sa nake cewa a raba ƙafa, a bar wani abu a Sukuk.

To amma fili sai da takarda. Wani yayana ya sayi fuloti da kuɗin sallamarsa, aka rubuta yarjejeniya a fallen takarda, shaidu uku suka dangwala, dillali ya karɓi la'adarsa. Bayan damina ya kai tifar yashi, ya tarar wani ya riga ya haƙa tushe, shi ma da tasa takardar, sa hannun mutum ɗaya. Har yau shari'a ake yi.

Tun daga nan ba na tambayar farashi sai na ji maganar takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, ba ta zama C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Ka karɓi lambar fayil, ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, da ƙafarka a bincika: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, ko yana cikin wurin da aka ware wa hanya ko makaranta? Kada ɗan dillali ya je maka. In filin gado ne, sai kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure, don daga can rigima kan ɓullo bayan shekaru. Ka guji ƙarƙashin babbar wayar lantarki da bakin rafi, ka je ka ga wurin a watan Agusta, lokacin da ruwa ke tona asiri. Duk wanda ya ce "Alhaji, akwai mai zuwa da kuɗi gobe", ka ce Allah ya sa alheri, araha ba ta ado. Su kuma masu tallar rukunin gidaje a Facebook da zanen kwamfuta, biya kaɗan-kaɗan, ka nemi ganin takardar babban filin da amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ka tura ko sisi. Kuɗi ta banki, da sunan mai filin, a gaban lauya. Washegari ka kafa duwatsun iyaka, ka ja katanga ko layi uku ne na bulo.