Kuɗin koyar da sana'a a Birtaniya: asusun Turai ko na gida?

Kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ƙungiyoyin sa-kai masu horar da marasa aiki sun dogara sosai da ESF, asusun tallafa wa al'umma na Tarayyar Turai. Tsarinsa na shekara bakwai ne, amma ga takardu jibgi: shaidar cancantar kowane mai koyo, lissafin awannin ma'aikata, duk a adana saboda masu binciken kuɗi.

UKSPF, asusun gwamnatin Birtaniya da ya gaje shi a 2022, fam biliyan 2.6 zuwa Maris 2025, galibi ta hannun hukumomin yankuna aka raba shi. Jami'in hukumar yana kusa, ana iya ganinsa ido da ido. Sai dai kowace hukuma da fom ɗinta da wa'adinta, kwangilar kuma gajeriya ce. Ni wannan ya fi damuna: mai koyarwa bai san ko albashinsa zai kai baɗi ba.