Sharhi kan injin wanke kwanuka: idan ya tsaya a tsakiyar aiki, laifinsa ne ko na gidan?

Injin da nake magana a kai shi ne irin wanda ake ajiyewa a ƙasa, mai faɗin santimita 60, mai ɗaukar kwanukan mutum 12 zuwa 14. Wajen wanki ba ni da ƙorafi. Faranti, kofin gilashi da cokula suna fitowa tas, har maiƙon manja yana fita idan aka zaɓi wanki mai zafin digiri 65 ko 70. Ruwan da yake sha a wanki ɗaya bai wuce lita 10 zuwa 12 ba, wato ko jarka ɗaya ta 'yan garuwa bai ƙarar ba. Ƙanzon tuwo ne kawai ya gagare shi, wannan sai an jiƙa an kankare.

Matsalarsa a Kano ita ce tsayawa kafin ya gama. Kuma mafi yawan lokuta injin lafiyarsa ƙalau, ruwan gidan ko wutar ne ba su kai abin da aka ƙera shi a kai ba. Kafin a kira mai gyara, a lura da lokacin da yake tsayawa, domin lokacin ne ke nuna inda ciwon yake.

Idan ya tsaya cikin mintunan farko, ana jin ƙugi amma ba a jin shigar ruwa, ƙarfin ruwa ne. Yawancin waɗannan injuna suna buƙatar aƙalla kusan rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Duk tsayin mita 10 na ruwa bar ɗaya yake bayarwa, saboda haka tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 3 bai fi bar 0.3 ba, kafin ma a cire abin da ke ɓacewa a lanƙwasar bututu. Injin yana buɗe bawul ɗinsa na wani ƙayyadadden lokaci, in ruwan bai kai ba ya rufe ya nuna alamar famfo. Gwajin mai sauƙi ne: a kwance tiyon shigar ruwa, a tara bokiti mai lita 10, a buɗe famfon gaba ɗaya. In minti ɗaya ya wuce sosai bai cika ba, ruwan ya yi rauni. Maganin shi ne ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa mai tashi da kansa, ana samunsa wajen masu kayan famfo a Ƙofar Ruwa, kowane filamba zai ɗaura shi. Tunda an kwance tiyon, a zaro 'yar rariyar da ke bakinsa da filaya a wanke. Ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, yashin nan kuma a nan yake taruwa.

Tsayawar da ta fi rikita mutane ita ce ta bayan minti 10 zuwa 20. Ruwa ya shiga, fukafukan da ke fesa ruwa suna juyawa, sai ɗif, fitilu su mutu ko ya koma farko. A daidai nan ne hita mai dafa ruwan ke tashi, ita kuwa tana jan kusan wat 2,000. An ƙera injin ne don wuta mai bolt 220 zuwa 240. Da yamma, lokacin da unguwa ta kunna komai, wutar tana iya sauka ƙasa da haka, hita na tashi ta ƙara janyo ta ƙasa, allon sarrafawa, wato ƙwaƙwalwar injin, ya ɗauke. Ƙaramin janareta kuwa kada ma a gwada. A nemi mai kVA 3.5 zuwa sama, shi ma kada a haɗa masa da dutsen guga ko injin jan ruwa a lokaci guda. Sitabilaiza mai 5,000VA ta isa, mai 2,000VA ta firji ba za ta ɗauka ba. A kuma ba shi soket nasa na bango mai amfiya 13. Duk fulogin da aka taɓa aka ji ya yi zafi ko ya fara baƙi, a canza shi ranar.

In wutar lafiya take amma kwanuka suna fitowa da sanyi da maiƙo, a nan ne za a zargi hitar. Mai gyara ya cire fulogi ya auna ta da mita: hita mai wat 2,000 tana nuna om 25 zuwa 30. In mitar ba ta nuna komai ba, ta ƙone.

Wani abin ba lalacewa ba ne. Wankin tattalin wuta yakan ɗauki awa 3 zuwa 4, kuma yana da wuraren da yake yin shiru na mintuna, musamman wajen busarwa. A ba shi minti 15 kafin a yanke hukunci.

Sai tsayawa da ruwa kwance a ciki. Wannan toshewa ce, kuma abincinmu yana da hannu. Ƙwayar shinkafa, ƙayar kifi, tsinken tsire, ƙwallon dabino, duk suna sauka rariyar ƙasa. A cire fulogi, a zaro kwandon ƙasa, a murɗa rariyar hagu a ɗago, a wanke da tsohon buroshin haƙori da ruwan zafi. A tsane ragowar ruwan da soso, a buɗe murfin da ke kan farfelar fitar da ruwa a juya ta da bayan cokali, ba da yatsa ba, don fasasshen gilashi a nan yake maƙalewa. Manja da kitsen nama suna daskarewa cikin tiyon fitar da ruwa lokacin sanyin hunturu, don haka sau ɗaya a wata a kunna wanki mafi zafi babu kaya a ciki. A kuma leƙa bayan injin, sau da yawa tiyon ne ya lanƙwashe da aka tura shi jikin bango.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne injin ya tsaya yana ta ƙoƙarin fitar da ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko an buɗe ƙofa. Akwai faranti a can ƙasansa da wani ɗan abu mai tasowa in ruwa ya zuba, shi ke tsayar da komai. Babban dalili shi ne sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Cokali ɗaya ya isa ya cika injin da kumfa har ta malala. Sabulunsa daban ne, gari ko ƙwaya, gishirinsa ma daban ne da na miya. A nan na rage masa maki, domin waɗannan kaya sai manyan kantuna, ba kowane lokaci ake samu ba, kuma ba su da araha. In hakan ta faru, a kashe wuta da famfo, a ɗan karkato injin ruwan ya fita, a bar shi ya bushe kwana ɗaya.

Ƙofa ma a duba ta: hannun ludayi ko gefen tire yana iya hana makullin kamawa sosai, girgiza kaɗan sai ya saki.

Allon sarrafawa shi ne na ƙarshe da za a zarga, kuma shi ne mafi tsada. Mai gyaran da ya ce a canza shi tun bai auna wuta ba, bai tara bokiti a famfo ba, a nemi wani. In ma an buɗe, a duba kyankyasai, suna son ɗumin wurin kuma suna haɗa wayoyi.

Gidan da ke da tanki mai injin ƙara ƙarfi da wuta tsayayyiya, ina ba shi shawarar ya saya. Wanda ba shi da su, ya haɗa kuɗin injin ruwan da sitabilaiza cikin farashin tun kafin ya fita kasuwa.